Inganta Aikin Kankare Ƙarfe ta Hanyar Feshi a Masana'antu

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a garuruwan bakin teku irin su Legas ko Warri ko Fatakwal ya san halin tsatsa. Za a kafa sabuwar ƙofar ƙarfe, a shafe ta da fenti mai tsada, amma kafin damina biyu sai a ga fentin ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon rogo, jar tsatsa tana leƙowa daga ƙarƙashi. Mai gida ya zargi mai fenti, mai fenti kuma ya zargi kamfanin da ya haɗa fentin. Alhali sau da yawa laifin yana can baya, tun kafin a buɗe gwangwanin: ba a share fuskar ƙarfen yadda ya kamata ba.

Asarar ƙofar gida mai sauƙi ce. Abin tsoro shi ne a samu irin wannan sakaci a jikin bututun mai, ko tankin ajiya, ko jirgin ruwa, ko tukunyar gas da ake girki da ita. A shekarar 2016 ƙungiyar NACE International ta fitar da rahoton da ya ƙiyasta cewa tsatsa tana jawo wa duniya asarar kimanin dala tiriliyan 2.5 a shekara, wato kusan kashi 3.4 cikin ɗari na dukiyar da duniya take samarwa. Mu ma abin ya shafe mu. Tun da aka kafa dokar shigar da 'yan ƙasa cikin harkar mai da gas a shekarar 2010, ana son a riƙa ƙera kayan aikin wannan harka a cikin gida. Haka kuma manyan ayyuka irin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar a 2020, duk ƙarfe ne da zai yi shekaru a binne cikin ƙasa.

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan hanyar da masana'antu suke bi wajen share fuskar ƙarfe, wato feshi, tare da nuna wuraren da aikin yake lalacewa da yadda ake inganta shi. Mai karatu zai ga cewa mafi yawan gyaran bai buƙatar sabon inji. Abin da yake buƙata shi ne awo da kula.

2.0 Ma'anar Aikin

Matan gida sun daɗe da sanin cewa yashi da toka suna fitar da baƙin tukunya. Hikimar ke nan aka ɗauka aka ɗora wa inji. Feshi, a wannan maƙala, yana nufin harba ƙananan abubuwa masu tauri da gudu mai tsanani a kan fuskar ƙarfe, domin su kankare duk abin da ya manne mata. Tun da aikin baƙo ne, za mu yi amfani da kalmomi uku na gida. Abin feshin da yake a mulmule kamar gero, shi za mu kira ƙwayar ƙarfe. Wanda aka farfasa ya zama mai kaifi da kusurwoyi kamar tsakin dawa, shi ne tsakin ƙarfe. Ƙananan ramuka da tuddan da feshin yake bari a fuskar ƙarfe kuwa, su ne kaushi.

Aikin yana da manufa uku. Ta farko ita ce tsabtacewa, wato cire tsatsa da tsohon fenti da yashin da ya manne wa kayan da aka zuba a masana'antar narkar da ƙarfe, da kuma ɓawon ƙarfe. Wannan ɓawo shi ne baƙar fatar nan mai ɗan shuɗi da ake gani a jikin sabon farantin ƙarfe ko rodi, wadda take samuwa lokacin da ake murza ƙarfe yana ja zur. Mutane da yawa suna ɗauka kariya ce, sai su yi fenti a kanta. Gaskiyar magana ita ce tana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar, sai ƙarfen da yake ƙarƙashi ya riƙa cinyewa da sauri, daga baya ta ɓare ta tafi da fentin. Manufa ta biyu ita ce samar da kaushi, saboda fenti ba ya kama wuri mai santsi sosai, kamar yadda yaɓe ba ya zama a bango mai sulɓi. Ta uku ita ce ƙarfafa fuskar ƙarfen, kuma za mu dawo kanta a gaba.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Wani Ba'amurke mai suna Benjamin Chew Tilghman, mutumin birnin Filadelfiya, shi ne ya yi rajistar fasahar feshi da yashi a shekarar 1870. Da farko tururi ko iska ake amfani da su wajen tura yashin, ana zane a jikin gilashi da dutse, ana kuma share ƙarfe. Amma yashi yana da aibi biyu: yana farfashewa da zarar ya daki ƙarfe, sannan ƙurarsa tana kashe ma'aikata. Wannan ya sa aka koma ga ƙwayar baƙin ƙarfe, wadda ake iya tattarawa a sake amfani da ita sau da yawa.

Babban sauyi ya zo a farkon shekarun 1930, lokacin da aka fito da injin Wheelabrator a Amurka. Wannan inji ba ya amfani da iska. Farfela ce mai juyawa da sauri take watsa ƙwayar. Daga nan aka shiga neman hanyar da za a auna kyawun aikin. Ƙasar Suwidin ta fitar da wani kundi na hotuna a 1967 mai nuna matakan tsatsa da matakan tsabta, wanda daga bisani ya zama tushen ma'aunin duniya mai lamba ISO 8501-1 a shekarar 1988. Har yau da wannan ma'auni ake rubuta yawancin kwangilolin fenti na manyan ayyuka.

4.0 Hanyoyi Biyu na Feshi

Hanya ta farko ita ce ta farfela. Ana saka kayan a cikin akwatin ƙarfe rufaffe. Injin lantarki yana juya farfela mai fukafukai, ƙwaya tana zubowa ta tsakiyarta, fukafukan su kwashe ta su jefa da gudun da ya kai mita 70 zuwa 80 a daƙiƙa ɗaya, wato sama da kilomita 250 a awa. Ƙwayar da ta faɗi ƙasa, wasu ƙananan bokitai da ke jikin bel suna ɗaukar ta zuwa sama, a tace ta, ta sake dawowa. Wannan hanya ta fi sauri da arahar wuta, kuma ta dace da kayan da suke kama ɗaya masu yawa, kamar farantan ƙarfe da bututu da tukwanen gas da kayan gyaran mota.

Hanya ta biyu ita ce ta iska. Kwamfuresa tana matsa iska, iskar ta bi ta ƙarƙashin tukunyar da aka zuba abin feshi, ta ɗauke shi ta cikin mesa, ya fita ta wani matsattsen baki da ma'aikaci yake riƙe da shi. Tana cin mai fiye da ta farko, amma da ita ake isa lunguna da cikin tanki da jikin jirgin ruwa da gada, wato abubuwan da ba za su shiga akwati ba.

5.0 Hanyoyin Inganta Aikin

5.1 A san inda za a tsaya

Mataki na farko shi ne mai aiki da mai ba da aiki su amince da irin tsabtar da ake nema tun kafin a kunna inji. Ma'aunin ISO 8501-1 ya kasa ƙarfen da ba a taɓa shafa wa fenti ba gida huɗu. A shi ne wanda ɓawonsa yake nan daram. B shi ne wanda ya fara tsatsa, ɓawon ya fara ɓarewa. C shi ne wanda tsatsa ta cinye ɓawon, ramuka suka fara bayyana kaɗan. D kuwa shi ne wanda tsatsa ta riga ta huhhuda fuskarsa. Haka nan ya kasa tsabtar da ake samu bayan feshi gida huɗu:

Sa 1: feshi sama-sama, an cire abin da ya riga ya saki kawai.
Sa 2: an cire mafi yawan ɓawo da tsatsa, abin da ya rage ya manne sosai.
Sa 2½: an cire komai, sai ɗan tabo kamar ɗigo ko zane.
Sa 3: ƙarfe ya fito fes da launi ɗaya, babu ko tabo.

Yawancin fentin da ake shafa wa bututu da tankuna da kayan teku Sa 2½ yake buƙata. Wanda ya tsaya a Sa 2 ya cuci mai kaya. Wanda kuma ya dage sai ya kai Sa 3 inda ba a nema ba, ya ƙona mai da lokaci a banza. Idan farantin siriri ne ma, yawan feshi yana iya tanƙwara shi, garin neman gira a rasa ido.

5.2 Zaɓen abin feshi

Ƙwaya tana aiki ne da duka, kamar guduma, tana barin kaushi mai lotsawa. Tsaki kuwa yanka yake yi, yana barin kaushi mai tsini wanda fenti mai kauri ya fi kamawa. Saboda haka masu share kayan zubi sun fi son ƙwaya, masu shirya ƙarfe domin fenti kuma suna amfani da tsaki ko su gauraya biyun. A kasuwa ana rubuta girman ƙwaya da harafin S, na tsaki da harafin G. A wajen ƙwaya, idan lamba ta ƙaru girma ya ƙaru: S230 ta kai kimanin milimita 0.6, S460 kuma kimanin milimita 1.2. A wajen tsaki akasin haka ne, G80 ya fi G25 laushi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton cewa babbar ƙwaya ta fi aiki. Lissafi ya nuna ba haka ba ne. Idan aka rage faɗin ƙwaya da rabi, adadinta a kilo ɗaya yana ninkawa sau takwas. Kilo ɗaya na S230 yana ɗauke da ƙwaya kimanin miliyan ɗaya, na S460 kuwa kashi ɗaya cikin takwas na wannan adadi. Tun da kowace ƙwaya duka ɗaya ce, ƙaramar ta fi saurin mamaye fuskar ƙarfe, kuma tana shiga ramukan da babbar ba za ta shiga ba. Ƙa'idar ita ce a zaɓi mafi ƙanƙantar ƙwayar da take da ƙarfin fasa dattin da ake son cirewa, ta kuma ba da kaushin da ake nema.

Sai kuma a lura da irin ƙarfen da ake fesawa. Idan aka fesa ƙwayar baƙin ƙarfe a kan alminiyam ko ƙarfen da ba ya tsatsa, ɓurɓushinta yana maƙalewa a jikinsu, bayan 'yan kwanaki a ga jajayen ɗigo. Irin waɗannan ana fesa su ne da ƙwayar gilashi, ko garin dutsen ganet, ko ƙwayar da aka yi da ƙarfen da ba ya tsatsa.

5.3 Shiƙa da tankaɗe

Ƙwayar da ke yawo cikin inji ba ta zama da girma ɗaya. Sabuwa tana shiga da girmanta, tana cinyewa a hankali har ta zama gari. Inji mai lafiya yana da manya da matsakaita da ƙanana a gauraye: manya suna fasa ɓawo, ƙanana suna share ramuka. Abin da yake kiyaye wannan gauraye shi ne wata na'ura da ke saman injin, wadda aikinta bai bambanta da shiƙar hatsi a masussuka ba. Ƙwayar tana zubowa kamar labule, iska tana ratsa ta, sai ta kwashe ƙura da yashi da gari, mai nauyi ya faɗi ya koma aiki.

Idan iskar ta yi yawa, za ta tafi da ƙwaya mai kyau zuwa kwandon shara, kuɗi ke nan ake zubarwa. Idan ta yi kaɗan, yashi da ƙura za su koma cikin farfela su riƙa cin fukafukanta, kayan kuma su fito da datti. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A ɗebi ƙwaya daga injin, a ɗebi wata daga sharar, a tankaɗe su da rariya masu girma daban-daban, a auna abin da ya tsaya a kowace, a rubuta. Wanda yake yin haka kowane mako zai ga matsala tun tana ƙarama. Haka kuma ya fi kyau a riƙa ƙara sabuwar ƙwaya kaɗan-kaɗan a kai a kai, maimakon a bari rumbun ya kusa ƙarewa sannan a juye buhuna da yawa lokaci ɗaya, domin hakan yana sauya kaushin kayan farat ɗaya.

5.4 Saita farfela

A tsakiyar farfela akwai wani zoben ƙarfe mai taga, wanda yake ƙayyade inda ƙwaya za ta hau fukafukai, daga nan kuma inda za ta faɗa. Ƙwayar da ke wucewa tana cin bakin tagar kullum. Idan ta faɗaɗa, ko zoben ya goce kaɗan, sai feshin ya kauce wa kayan ya koma dukan bangon injin. Mai aiki zai ga kaya ba sa fita da kyau, sai ya ƙara lokaci, bai san cewa injinsa yake cinyewa ba. Ana gwada wannan ta hanyar ajiye farantin gwaji a inda kaya suke tsayawa, a fesa shi na ɗan lokaci, a kashe inji, a duba wurin da ya fi zafi. Nan ne ƙarfin feshin yake sauka. Idan ba a kan kayan yake ba, sai a juya zoben.

Wani abokin aikin shi ne ma'aunin wutar da injin farfela yake ja. Idan allurarsa ta sauka ƙasa da yadda aka saba, alama ce farfela ba ta jefa ƙwaya yadda ya kamata, ko dai ƙwayar ta yi kaɗan ko kuma hanya ta toshe. Fukafukai kuwa, idan za a canza, a canza su gaba ɗaya ko biyu-biyu masu fuskantar juna. In ba haka ba nauyi zai rinjaya gefe ɗaya, injin ya kama rawa har ya lalata boris.

5.5 Iska da bakin mesa

Ga masu feshi da iska, matsin da aka saba nema a bakin mesa shi ne kimanin bar 7. Abin lura shi ne a bakin mesa ake nufi, domin abin da agogon kwamfuresa yake nunawa yana raguwa a hanya idan mesa ta yi tsawo, ko ta yi siriri, ko tana yoyo a mahaɗa. Gudu kuwa shi ne ran aikin, saboda idan gudun ƙwaya ya ninka biyu, ƙarfin dukanta yana ninkawa huɗu.

Bakin mesa ma yana cinyewa. Ɗauki baki mai lamba 6, wanda faɗin raminsa milimita 9.5 ne. Idan ya cinye ya kai milimita 11, ido ba zai ga wani bambanci ba, amma ramin ya ƙaru da kusan kashi 34 cikin ɗari, kuma iskar da yake sha ta ƙaru da kwatankwacin haka. Idan kwamfuresa ba za ta iya ba, matsi zai faɗi, aikin yini ɗaya ya koma na yini da rabi. Sabon baki bai kai kuɗin man da za a ƙona ba. Dole kuma iskar ta zama busasshiya marar mai. Ana gwadawa da farar takarda: a hura mata iskar na kimanin minti ɗaya ba tare da abin feshi ba, idan ta yi danshi ko tabon mai, a tsaya a gyara matatar.

5.6 Auna kaushi

Ana auna kaushi da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Fenti da yawa na masana'antu suna son kaushin da ya kama daga maikiron 50 zuwa 75, amma takardar bayanin kowane fenti ita ce alƙali. Idan kaushin ya yi kaɗan fenti ba zai samu abin riƙewa ba. Idan ya yi yawa, ramukan za su shanye fenti, tsinin tuddan kuma su tsaya kusa da waje, tsatsa ta fara daga kansu. Ana aunawa da wani ƙaramin faranti mai kashi huɗu da ake karawa kusa da aikin a kwatanta, ko da wata 'yar takarda mai laushi da ake dannawa a kan ƙarfen ta ɗauki siffar ramukan, sannan a auna kaurinta.

5.7 Mai, gishiri, raɓa da lokaci

Akwai abokan gaba da feshi ba ya kawar da su. Na farko mai ne da giris. Feshi baza su yake yi, har ya ɓata ƙwayar da ke cikin inji, don haka wanke su ake yi tukuna. Na biyu gishiri ne, wanda iskar teku take sauke wa ƙarfe a wurare irin su Apapa da Onne. Ba a ganin sa da ido, amma idan aka rufe shi da fenti yana jawo ruwa ta cikin fentin har ya yi bororo. Ana gano shi da gwajin Bresle, inda ake manna wata 'yar jaka a jikin ƙarfe, a tsira mata ruwa mai tsabta, a zuƙo shi a auna. Maganinsa wanki da ruwan daɗi. Ƙurar da ta rage bayan feshi kuma, salatif ake mannawa a ɓare a duba.

Sai yanayi. Ƙarfen da aka fesa tsirara yake, ba abin da ya raba shi da iska. Ƙa'idar da aka sani ita ce kada a yi feshi ko fenti idan danshin iska ya wuce kashi 85 cikin ɗari, kuma zafin jikin ƙarfen ya ɗara matakin da raɓa take sauka da aƙalla digiri 3. A kudu, inda danshi ya yi yawa, ƙarfe yana iya sauya launi cikin 'yan awoyi, shi ya sa kwangiloli da yawa suke cewa a shafa fentin farko cikin awa huɗu. A arewa lokacin hunturu iska a bushe take, amma ƙurar da take ɗauke da ita tana sauka a kan aikin, sai an sake hurewa. Darasin dai ɗaya ne: kada a fesa abin da ba za a iya rufewa da fenti a ranar ba.

6.0 Feshin Ƙarfafawa

Maƙeri ya san cewa ƙarfen da aka daddaka da guduma yana sanyi yana ƙara tauri. Feshin ƙarfafawa yana kama da haka, sai dai gudumomin miliyoyi ne. Kayan da suke lanƙwasa suna miƙewa kullum, kamar sifirin mota da haƙoran giya da sassan jirgin sama, daga fuska tsagarsu take farawa, a inda ƙarfe yake jawuwa. Kowace ƙwaya da ta daki fuskar tana barin ɗan lotso, ƙarfen da ke kewaye ya matse. Idan lotson ya mamaye ko'ina, fuskar ta zama a matse, tsaga ba ta samun hanyar buɗewa da wuri.

A nan ƙwaya mulmulalliya kaɗai ake amfani da ita, domin fasasshiya mai kaifi ita da kanta za ta fara tsagar. Injiniya John Almen na kamfanin General Motors shi ne ya fito da hanyar auna wannan aiki a farkon shekarun 1940. Ana ɗaure wani siririn ƙarfe mai tsawon kimanin milimita 76 a inda kayan suke, a fesa gefensa ɗaya. Idan aka kwance shi sai ya lanƙwashe kamar baka, tsayin bakan kuma shi ne ma'aunin ƙarfin feshin. Ana cewa an kai gejin da ake nema idan aka ninka lokacin feshi amma tsayin bakan bai ƙaru da fiye da kashi 10 cikin ɗari ba.

7.0 Lafiyar Ma'aikaci

Duk gyaran da aka lissafa a sama ba shi da amfani idan mai riƙe da mesa zai biya da huhunsa. Yashin rafi da na teku cike yake da sinadarin silika. Idan ya daki ƙarfe yana zama ƙura mai laushin da ido ba ya gani, ta shiga can cikin huhu ta zauna. Huhun ya riƙa yin tabo yana sandarewa, numfashi ya gagara. Wannan cuta ita ce silikosis. Ba ta warkewa, tana iya ci gaba ko bayan mutum ya bar aikin, kuma tana buɗe ƙofa ga tarin tibi. A shekarar 1997 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ƙurar silika cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara. Birtaniya ta hana amfani da yashi wajen feshin kayan zubi tun 1949. Turkiyya ma ta hana feshin yashi a masana'antun wandon jins a 2009, bayan cutar ta kama matasa da yawa, wasu suka mutu.

Duk da haka, wanda ya zaga ƙananan wuraren walda a garuruwanmu zai iya cin karo da yaro yana feshi da yashin gini, ya ɗaure hanci da tsumma. Dalilin shi ne araha. Amma araha ba ta ado. Yashi sau ɗaya ake amfani da shi ya zama ƙura, ƙwayar ƙarfe kuwa tana zagayawa sau ɗaruruwa, har dubbai, a injin da yake tattara ta. Inda ba za a iya tattarawa ba, akwai garin ganet da wasu abubuwan feshi masu ƙarancin silika.

Sauya abin feshi bai wadatar ba. Tsumma ko ƙaramin takunkumi ba sa kare mai feshi. Abin da yake bukata shi ne hular da ta rufe kai da kafaɗu, wadda ake turo mata iska mai tsabta ta wata mesa daban, tare da tabbatar da cewa hayaƙin inji bai shiga iskar ba. Yana buƙatar abin toshe kunne, domin ƙarar aikin tana wuce desibel 100. Mesar kuma ta kasance da makunnin da yake kashe feshin da zarar an sake shi, ko da mutum ya faɗi. A haɗa kayan aiki da ƙasa saboda tartsatsi, musamman kusa da tankin mai. A kula da matatar ƙura, domin ƙurar alminiyam tana iya fashewa, tsohon fenti kuma sau da yawa yana ɗauke da dalma. Masu shara da masu wucewa ma suna shaƙar abin da mai feshi yake shaƙa, saboda haka a killace wurin.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala an yi bayanin ma'anar feshi da tarihinsa da hanyoyinsa biyu, sannan aka bi wuraren da ake inganta shi ɗaya bayan ɗaya. Idan mai karatu ya lura, kayan da aka ambata wajen gyaran ba masu tsada ba ne: rariya, farantin gwaji, farar takarda, salatif, ma'aunin zafi da danshi, da littafin da za a riƙa rubuta abin da aka gani. Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan sana'a kimar ido ba ta isa, domin gishiri da faɗin bakin mesa da ƙurar da ke shiga huhu duk ba a ganin su. Sai an auna. Masana'antar da ta saba da awo za ta rage kashe kuɗi, fentinta zai daɗe, ma'aikatanta kuma za su tsufa da numfashinsu. Shawara ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce mu ci gaba da shiga irin waɗannan fagage da Hausa, domin da yawa daga cikin masu riƙe da mesar da ita suke magana, kuma gargaɗin da mutum ya ji da harshen da ya sani shi ya fi zama a ransa.